Tagogi a Kafaɗar Suwaita

Shekarata hamsin da huɗu. Ina da tumbi, ina da sanƙo, ina da wata tsohuwar mota mai birki biyu da nake koya wa mutane tuƙi da ita. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zan tsaya a layin shagon ulu, tsakanin wata mai ciki da wata 'yar makaranta, ina jira a koya mini yadda ake ƙara ido a saƙa ba. Amma na tsaya, har da ba mai cikin wuri ta shige gabana.

Inna ce sila. Ita ta haife ni, ta haura tamanin, kuma shekara uku ke nan da muka ɗauko ta muka sa ta a ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon igiyar shanya. Mantuwa ta fara mata da makulli da tukunya a kan wuta, ta gangaro kan sunayen jikoki, daga nan ta iso kaina. Wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Maigidan ya fita." Maigidan da take nufi shekararsa goma sha tara a ƙasa. Na ce ba komai, zan jira shi. Tun daga ranar na zama Malam, wani baƙo mai yawan zuwa da take yi wa ladabi. Matar da a da ba ta iya kallona minti biyar ba tare da ta samo abin gyara a jikina ba, yanzu har kujera take nuna mini.

Hannunta dai bai manta komai ba. Da saƙar suwaita ta raine mu, kuma har yanzu in ka miƙa mata tsinke da ulu sai yatsun su kama aiki da kansu. Daga wuya take farawa ta yi ƙasa, da tsinke biyu da aka haɗa da igiyar roba, tana zagayawa. Ta ɗora ido tamanin da takwas, ta ɗaura jan zare a wuri huɗu. A zagaye ɗaya ta ƙara ido biyu a kowane jan zare, a na gaba ta wuce ba ƙari. Haka kafaɗa ke buɗewa a hankali har ta kai hammata, sai a daina ƙari, a ware hannuwa, a ci gaba da jiki.

Na taɓa tambayarta suwaitar ta wa ce.

"Ta ɗana ce, Malam. Shekararsa tara. Tulu muke ce masa, saboda kai. In ban faɗaɗa wuyan ba, sai an kira mutum biyu su tura shi ciki."

Na gyaɗa kan da ake magana a kansa, na ce Allah ya raya shi.

Lissafin ƙarin ne ya ɓace mata. Wani zagayen ta ƙara uku, wani ta ƙara goma sha biyar, jan zaren ya zame bai dame ta ba, kuma ba ta san wurin tsayawa ba. Sai kafaɗar ta yi ta buɗewa tana lanƙwashewa kamar lemar da iska ta karya. In ta shimfiɗa a cinya ta gani, idonta ya san ba daidai ba ne, amma ba ta san hannunta ne ya yi ba. Sai ta ce an taɓa mata aiki, ta ture abinci, ta juya wa bango fuska. Likita kuwa ya ce kada a raba ta da saƙar, ita ce ta rage mata.

Matata malamar makaranta ce, ba ta dawowa sai ƙarfe huɗu. Ita ta ce, "Kai ba ka ce ka iya saƙa ba? Lokacin da kake nemana har da shi ka lissafa a cikin baiwarka, bayan busa da yatsa biyu."

Gaskiya ta faɗa. Ina shekara tara na faɗo daga katanga na karya ƙafa, na yi wata biyu da filasta. Da surutuna ya kusa zautar da Inna, sai ta danƙa mini tsinke da ragowar ulu ta ce in yi shiru in ƙirga. Na iya saƙa miƙaƙƙe, irin wanda ba lissafi. Ƙari ne dai har aka cire filastar ban iya ba.

Shawarar da muka yanke ita ce, Inna tana barci bayan azahar, kusan awa biyu. A lokacin zan warware layukan da suka karkace in mayar da su daidai. Ba dama in warware in bari haka, don in ta ga aikin ya ragu za ta ce ɓarawo ya shigo. Na daina karɓar ɗalibai daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, na ɗauki aikin a leda na tafi shagon ulu.

Mai shagon bai fi in girme ta da shekara biyar ba, amma tana ganina ta ce, "Baba, jika za a saƙa wa?"

"Ni za a saƙa wa."

Ta dubi tumbina ta saman tabarau. "To ulun shagon nan ba zai isa ba, sai dai a yi oda."

Na yi mata bayani a taƙaice. Ta daina dariya, ta karɓi aikin ta kai kusa da fitila. Ta daɗe tana duba layukan farko, waɗanda Inna ta yi kafin lissafi ya ƙwace mata.

"Ikon Allah. Dubi nan, Baba. Nuna mini inda aka ƙara."

Na duba ban gani ba.

"To ka gani? Wannan hannun mutanen da ne." Ta jawo nata tsinken. "Hanya uku zan nuna maka, ka buɗe ido. Ta farko, ka naɗa zare a tsinke ka wuce. Sauƙi kamar shan ruwa, amma rami take bari, ta kayan jarirai ce masu ado. Ta biyu, ka shiga ido ɗaya sau biyu, ta gaba da ta baya. Ba rami, sai ɗan ƙullutu kamar ƙurji, ko makaho ya shafa zai ji. Ta uku ita ce ta mahaifiyarka. Ka ga wannan zaren da ke kwance tsakanin ido biyu? Ka ɗago shi, ka murɗa, sannan ka saƙa. Na dama ya kwanta dama, na hagu ya kwanta hagu. In kana so kada ta gane, ita za ka yi. Amma ka murɗa fa. In ba ka murɗa ba, taga ka buɗe."

Na ce na gane. Haka ɗalibaina ke ce mini kafin su hau kan bokitin mai wanki.

Ranar farko na zauna a tabarma kusa da gadonta, tana minshari a hankali, fanka na juyawa. Na warware layi goma sha huɗu na mayar da sha biyu, gumi na zuba daga sanƙona kamar mai tura motar da ta mutu. Na ajiye aikin inda ta bari, na koma kujerar baƙi na ɗauki jarida.

Ta farka, ta sha ruwa, ta jawo saƙar. Kafin ta sa tsinke, sai ta bi layin ƙari da babban yatsa, daga wuya zuwa ƙasa, kamar yadda na san ta tana yi tun ina yaro. Yatsan ya tsaya. Ta zura ƙaramin yatsa a wani rami, ya leƙo ta ɗaya gefen.

"Tulu."

Jaridar ta zame daga hannuna.

"Tulu, zo nan. Taga kake buɗe wa sauro?" Ta ɗago kai, kuma ni take kallo, ba bango ba, ba ƙofa ba. "Sau nawa zan ce ka murɗa? Kai kamar randa, ba ko ɗigon ruwa a ciki."

Na durƙusa gabanta, gwiwoyina suna ƙara. Hannunta ya tafi kunnena na hagu kai tsaye, bai yi lalube ba, ta ja. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Yaushe ka yi wannan tumbin? Ina gashinka?"

"Ya tafi, Inna."

"Ubanka ma haka ya yi." Ta saki kunnen ta shafa wurin. "Ka ci abinci?"

Wata goma sha huɗu ba ta kira ni da wannan suna ba. Na buɗe baki zan amsa. Kafin in ce komai, sai na ga idonta ya fara ja da baya, kamar wanda ya leƙo taga ya koma ciki. Ta janye hannu, ta gyara mayafi.

"Malam, ba ka ga wani yaro ya fita yanzu ba? Da filasta a ƙafa. Yanzun nan yana nan."

Har rana ta faɗi tana nemansa. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe banɗaki, ta ɗaga labule, ta tsaya a tsakar gida tana kiran sunan da ƙaramar murya. Ba ta ci komai ba. Da matata ta dawo na ba ta rabin labarin, rabin da ke da daɗi, har ta yi hawaye ta riƙe mini hannu. Neman kuwa na ce ai ta saba, yau ne dai ya yi yawa.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. A cikin kwana uku na iya murɗawar. Ina gwadawa a mota da wani ɗan ƙyalle tsakanin ɗalibi da ɗalibi, har hannuna ya faɗa. Amma in na zauna a tabarmar nan, na ɗago zaren da ke tsakanin ido biyu, sai in tsaya. Sau bakwai in murɗa. Na takwas sai in ce wa kaina ai kuskure ɗan Adam ne, in saƙa shi a buɗe.

Ba kullum abin yake ci ba. Wata rana yatsan ya wuce bai ji ba, in tashi ina jin haushi kamar wanda aka hana abinsa. Ranar da ya ci kuwa, in samu "Tulu," in samu jan kunne, wani lokaci har da tambayar ko na yi aure. Minti ɗaya, in an yi sa'a biyu. Daga nan sai nema, da kuka, da kwanon abinci a rufe har ya huce. Kafaɗar da mai ulu ta ce aikin mako guda ce, muka yi mako bakwai a kanta, domin duk lokacin da muka kusa hammata sai in ga wani ɗan karkace can sama da ya wajaba a warware. Daga hammata zuwa ƙasa ba a ƙari, inda ba ƙari kuwa ba taga. Na san wannan sarai. Ni ne fa mutumin da ke wuni yana faɗa wa mutane cewa abu na farko a tuƙi shi ne sanin wurin tsayawa.

Wata Asabar matata tana zazzage aljihun riguna za ta yi wanki, sai ta fito da ƙyallen gwajina. Ta ɗaga shi a rana ta duba, ta zo ta same ni ina wanke mota.

"Wannan aikin wa?"

"Nawa."

"Ba rami ko ɗaya."

"Sa'a ce."

"Layi talatin duk sa'a?" Ta ajiye shi a kan motar. "Baban yara, ka lura zanenta har zamewa yake? Jiya sau biyu na ɗaura mata. Kai ka samu minti ɗaya, ita ta rasa wuni."

"Uwata ce," na ce, da ƙarfin da ban yi niyya ba.

"Shi ya sa nake faɗa maka."

Na ci gaba da goge gilashin da na riga na goge. Ta tsaya kaɗan, ta koma wankinta. Na yi wa kaina alkawari na daina. Na cika alkawarin ranar Lahadi da Litinin. Ranar Talata na ce sau ɗaya, na bankwana.

Abin ya ci. Ta ja kunne, ta ce ko jaki aka koya wa da yanzu ya buɗe shago. Har dariya ta yi, na ga haƙoranta huɗun nan. Da idonta ya fara komawa, sai na tashi na shiga kicin in haɗa mata shayi, don ban iya tsayawa in ga farkon neman ba. Ruwan ya ɗan jima bai tafasa ba. Na fito da kofi, ba kowa a gadon. Takalmanta suna nan. Ƙwallon ulun yana ƙasa yana juyawa shi kaɗai, zaren ya miƙe ya fita ta ƙofa.

Na bi zaren. Ya ratsa tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya fita ta ƙofar gidan da na bari a buɗe lokacin da na shigo da mota. Shuɗin zare a kan ƙasa, ya wuce shagon mai aski, ya zagaye tayar wata mota da aka ajiye, ya tsallake kwalbati. A gaban shagon mai faci ya tsinke. Ina gudu da tumbina da silifa ɗaya, kofin shayin har lokacin yana hannuna, ban san da shi ba.

A mararraba na same ta, zaune a bakin kwata, motoci na wucewa taku uku daga ƙafarta. Mai facin yana riƙe da hannunta. Gwiwarta ta fashe, jini ya gangaro har idon sawu, ta rungume saƙar a ƙirji. Duk wanda ya wuce sai ta tambaye shi.

"Taka ce?" in ji mai faci. "Saura kaɗan mai babur ya ɗauke ta. Wai wani yaro take nema. Kuna da yaron da ya ɓata?"

Na durƙusa gabanta. Ta dube ni, kuma na ga ta ji daɗin ganin wanda ta sani.

"Yauwa, Malam. Don Allah taimake ni. Ɗana ne, ƙafarsa ba ta warke ba, bai san titi ba."

"Na gan shi, Inna. Yana gida."

"Ka tabbata?"

"Da idona na gan shi."

"Ya ci abinci?"

"Ya ci."

Na juya baya in goya ta, ta ƙi, wai ina ita ina hawa bayan baƙo a tsakiyar titi. Sai na cire silifata ɗayar na sa mata a ƙafar da ta fi ciwo, muka tako a hankali, tana dafe da kafaɗata, ina naɗe zaren a hannu muna tafe. Matata ta riga mu isa gida. Ta dubi gwiwar, ta dube ni, ta je ta ɗauko ruwan ɗumi da auduga. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari da Inna ta yi barci, na warware har kusa da wuya, har inda hannunta na gaskiya ya tsaya. Na ɗora daga nan. A gefe ɗaya na jan zare in ɗago daga gaba in saƙa ta baya, a ɗaya gefen in ɗago daga baya in saƙa ta gaba. Kowane zagaye in ɗaga aikin a hasken taga in duba ko haske na ratsawa. Kwana huɗu na yi a haka, ina ɗaukar nata karkatattun ina mayarwa, ban bar ko ɗaya a buɗe ba.

A rana ta huɗu ta farka, ta sha ruwa, ta jawo saƙar. Yatsan ya kama hanya daga wuya. Ina kujerar baƙi da jarida, kuma ba zan ɓoye ba, akwai wani gefe na zuciyata da ke roƙon Allah ya sa na manta da guda ɗaya. Yatsan ya bi layi na farko har ƙasa. Ya bi na biyu, da na uku, da na huɗu. Ta shimfiɗa aikin a cinya ta ɗan karkata kai tana kallo.

"Ka gani, Malam? Har yanzu hannuna bai mutu ba."

Na ce na gani, aiki ya yi kyau. Ranar ta cinye shinkafarta har ta nemi ƙari.

Ni na ware hannuwan. Jikin kuwa ita ta saƙa da kanta, zagaye bayan zagaye, ba lissafi ba kuka, tana 'yar waƙa a hanci. Mai ulu ta nuna mini yadda ake rage ido a hannu da yadda ake rufe baki. Ta tambaye ni ko tsohuwa ta gane, na ce ko kaɗan. Ta ce, "Kai, Baba, ka zama gwani," ta ba ni alluran ɗinki kyauta.

Inna ta ƙara ƙiba kaɗan, gwiwar ta warke. Ba ta sake neman kowa ba.

Ranar da aka gama, da hantsi ne, na shiga yi mata sallama zan fita aiki. Ta ninke suwaitar ta ɗora a cinya. Ta kira ni da hannu, ta daɗe tana kallon kaina.

"Kai ma Allah ya ba ka kai, Malam. Kamar na ɗana."

"Haka ake faɗa."

"Tunda kana ganinsa, ungo ka kai masa. Ka ce ya duba kafaɗar da kyau, ya ga yadda ake yi. Ba taga ko ɗaya."

"Zan faɗa masa."

"Kada ka yi masa faɗa fa. Yaro ne mai kirki, kan ne kawai ba ya riƙe abu."

Na karɓa da hannu biyu. Na fita na shiga mota, na tuƙa har bakin filin da nake koyarwa, na kashe. Ɗalibar ƙarfe goma ba ta iso ba. Na buɗe suwaitar a kan sitiyari. 'Yar ƙarama ce, hannunta ɗaya bai kai tsawon damtsena ba. Na duba hagu da dama, ba kowa, sai na cire hula na zura kai. Ya shige. Bai ko taɓa kunne ba. Ido tamanin da takwas, ta auna daidai. A kafaɗa ta tsaya, ta taru a wuyana, hannuwan biyu suna reto a ƙirjina.

Haka ɗalibar ta same ni. Ta ƙwanƙwasa gilashi, na sauke.

"Malam, lafiya? Sanyi kake ji?"

Na ce mata eh, ta zagaya ta shiga, ta gyara madubi, kuma yau birki za mu fara.